Inna Tambaya ta Taga ta Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa asibiti, tun masu shara ba su gama goge barandar ɗakin magani ba. Ta rataye jaka a ƙusar bayan ƙofa, ta cire takalmin fita ta zura silifas, don ƙafafunta sun daɗe da daina shiri da rufaffen takalmi. Ta duba firjin da ake ajiye allurar masu ciwon suga, ta rubuta sanyinsa a takardar da aka manna a jiki. Sannan ta jawo doguwar kujerarta, wadda aka ɗaure majinginarta da tsohon bandeji, ta zauna a taga ta uku ta buɗe. Shekara talatin da huɗu tana wannan, kuma ranar Alhamis ɗin da ta wuce ta yi na ƙarshe.

Sunanta yana jikin katin da ke wuyanta, amma ban san mai kiranta da shi ba. Inna Tambaya, shi kowa ya sani. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ba don ƙauna aka laƙaba mata ba. A taga ta ɗaya da ta biyu, ka miƙa takardar likita, a miƙo maka leda, a ce safe da yamma, ka kama gabanka. A ta uku kuwa sai an titsiye ka. Me kake sha bayan wannan? Wane aiki kake yi? Wa ke kula da kai a gida? Ciwon nan zugi yake yi, ko raɗaɗi, ko suka kamar da allura? Layinta kullum tafiyar hawainiya yake. Ni kaina na sha tsayawa a ciki ina tsaki, har na taɓa ce wa na gabana, da alƙali aka ɗauki matar nan aiki da tuni an huta da ɓarayi. Ta ji ni sarai, ko kai ba ta ɗago ba.

Manya ma sun sha kiranta ofis. A nuna mata cewa 'yan tagar kusa sun sallami ninkin waɗanda ta sallama. Ta saurara har a gama, ta ce to, ta koma ta ci gaba da tambayarta. A 'yan shekarun nan ba ta ma musu da kowa, ta gaji. Gajiyar ta nuna a kafaɗunta, da yadda take dafa teburi kafin ta miƙe, da yadda take cire tabarau ta daɗe tana murza ido in an rufe taga da yamma. Abokiyar aikinta ta taga ta biyu ta ce mini ta sha jin ta tana cewa, "Ni dai in kai ranar nan lafiya, in je in miƙe ƙafa."

Labarinta da yawa, amma ɗaya zan bayar. Na haɗa shi ne daga bakin mutum uku da suka gani: abokiyar aikin nan tata, da mai sharar ɗakin, da matar wanda abin ya faru da shi.

Direba ne, yana jan motar wata makarantar firamare, yara talatin da biyu safe da rana, shekara goma sha tara ba a taɓa jin ya goge ko katanga ba. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, daga baya ya sauko ƙafafu. Tafin ƙafarsa ya riƙa ƙuna kamar ya taka garwashi, ko zanin gado ya taɓa shi sai ya zabura. Shekara biyu yana shan maganin ciwon jiki na kanti, har cikinsa ya fara ciwo, ƙafar kuwa ko gezau. Abin da ya fi tsoro ba ciwon ba ne. Tsoronsa kada a ce ya ajiye makulli, don tuƙin nan shi ne cinsa, shi ne mutuncinsa a unguwa.

Ranar farko da ya zo tagarta ya ce, "Hajiya, wai ciwon jijiya ne. To ni na yi ta shafe-shafe ina tausa, ba sauƙi."

Ta ce, "Malam Direba, laifin bakinmu ne. Wadda jini ke bi mu ce jijiya, wadda ke ɗaure tsoka mu ce jijiya, wadda ke kai wa kai labarin zafi da sanyi ita ma jijiya. Taka ta ukun ce, mai kai labari. Suga ya taɓa ta, sai ihu take yi alhali ba abin da ya same ka. Man shafawa ba ya kai gare ta, maganin ciwon jiki ma haka."

Likita amitiriftilin ya rubuta masa, 'yar ƙwaya ɗaya da yamma. Da yake ta san sana'arsa, sai ta ja masa kunne. Ta gaya masa tsohon magani ne mai aiki, amma yakan busar da baki, yakan kuma bar wa wasu nauyin barci har hantsi. Ta ce in ya ji haka kada ya hau mota, ya dawo. Ya ce to, irin to ɗin mutumin da ke sauri.

Kwana goma sha biyu ya dawo a firgice. Ƙunar ta ragu, ya sami barcin da ya yi shekara biyu bai samu ba. Amma da safiyar ranar, a danja, da yara cike da mota, ya yi gyangyaɗi har sai da hon ɗin na baya ya farkar da shi. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dafa teburi ta miƙe, ta karɓi takardarsa, ta hau bene wajen likita da gwiwoyin nan nata masu ƙara. Aka janye masa wancan, aka sa shi a kan gabafentin, sau uku a rana, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

To, ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar 'yarsa ta yi karatu, ta zaro 'yar takardar da ke cikin kwalin ta karanta wa uwarta, sai ga shi an rubuta cewa ana ba masu farfaɗiya. Shi ke nan gida ya rikice. Matar ta ware masa kofi da cokali, ta hana ƙananan yara shan ragowar ruwansa, ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, wai ashe abin da ake ɓoye mata ke nan. Shi kuma ya watsar da maganin rana ɗaya, abin da aka ce kada ya kuskura ya yi. Ya yi kwanaki yana gumi yana rawar jiki, ƙunar ta dawo fiye da da.

Ya zo tagar ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa don kada na baya su ji. "Hajiya, tsakaninki da Allah, farfaɗiya gare ni kuka ƙi gaya mini?"

Ta ce, "Wa ya ce?"

"Takardar cikin kwali ta ce."

"Da ruwa ake kashe gobara, da ruwa ake wanka. Duk wanda ka gani da bokiti gidansa ne ke ci da wuta? Jijiyar da ta cika ihu maganin yake lallashi, ko a kai take ko a ƙafa. Gobe ka zo mini da matarka."

Washegari matar ta zo tana ɓoye fuska a mayafi. Inna Tambaya ta shigo da su ta ƙofar gefe, ta yi bayani har bakinta ya bushe, ta ga dai matar kai kawai take gyaɗawa, zuciyarta ba ta karɓa ba. Sai ta ce wa direba ya sha ruwan gorar da ke hannunsa. Ya sha. Ta karɓa ta kafa baki a inda ya ɗauke nasa ta shanye sauran. Ta ce, "Mijinki ba shi da farfaɗiya. Kuma ko da yana da ita, ba a ɗaukarta a kofi, ba a ɗaukarta a yawu. Ki mayar masa da cokalinsa cikin na mutane, ƙanwata, ciwon ƙafar ma ya ishe shi." Matar ta ce mini a ranar kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ke ce mai shan ragowar ruwan wani don gidansa ya zauna lafiya, Inna. Ba ya cikin aikin da aka ɗauke ki, kuma ba wanda ya rubuta shi a takardarki.

Duk da haka direba ya ce shi da wannan magani har abada. Na rana dole a mota zai sha, in wani ya ga kwalin ya karanta, kalmar nan kaɗai ta isa a raba shi da aiki. Ga shi kuma dama yana ɗan sa shi jiri. Ta ga yana da gaskiyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ta ɗauko kwalaye huɗu ta jera a kan teburi kamar mai talla, layi na ta gunaguni a waje.

Ta taɓa na farko ta ce wannan ya riga ya san shi, ya dace da wanda ba shi da sammako, amma ba na direba ba ne, kuma ana kaffa-kaffa da shi ga tsoho mai ciwon zuciya ko wanda fitsari ke yi wa gardama. Na biyu shi ne na rigimar kofi, yana da kirki amma sai an yi haƙuri da shi, kuma sai an duba ƙoda. Na uku firegabalin, ƙanin na biyun ne, sau biyu a rana, ya fi saurin kamawa, amma yakan kumbura ƙafa, ya sa ƙiba, jiki kuma yakan saba da shi har ya zama jaraba, shi ya sa take kulle shi a durowa. Sai ta tura na huɗun gabansa, duloksetin, kafso ɗaya da safe.

Ta ce, "Shi ma tun kafin 'yarka ta karanta, bari in gaya maka da bakina. Za ta ga an rubuta ana ba masu ciwon damuwa. Ba hauka ake nufi ba, kuma kai don ƙafa za a ba ka. Makon farko zai iya tayar maka da zuciya, ka ci abinci kafin ka sha. Za a riƙa auna jininka, a duba hanta tukuna. Wasu ma yakan ɗan kashe musu jiki, don haka in likita ya yarda, sai an yi hutun makaranta za ka fara."

Ya ce, "Shi ne zai raba ni da ciwon?"

"Babu mai raba ka da shi a cikinsu. Wanda ya rage maka rabi, ka riƙe shi hannu bibbiyu. Ba wanda ya fi wani, wanda ya fi dacewa da kai muke nema."

Ta sake hawa bene. Likitan yaro ne a kanta, Mama yake ce mata, ya duba sakamakon gwaji ya sa hannu. Aka fara da hutu. Direba ya yi mako guda yana yamutsa fuska a kan abinci, daga nan abin ya lafa. Kafin a koma makaranta ƙunar ta ragu sosai, idonsa garau da safe. Ya koma bakin sitiyari, duk wata in ya zo karɓar magani sai ya tsaya a layin taga ta uku, komai tsawonsa, yana gaya wa masu tsaki su yi haƙuri, alheri ne ke gabansu.

Da a nan labarin ya tsaya da kowa ya ji daɗi.

Wata tara bayan haka ya zo wata safiya yana fara'a, ya miƙa takarda ya ce, "Hajiya, sai godiya. Ni kam yanzu ba na jin komai a ƙafar nan."

Abokiyar aikinta ta leƙo daga taga ta biyu ta ce Alhamdulillahi. Ni ma da ina wurin abin da zan ce ke nan, haka muke faɗa in mun warke, ba na jin komai. Inna Tambaya ta riga ta ɗaga ledar za ta miƙa, sai ta mayar da ita kan teburi.

"Ba ka jin ciwo, ko ba ka jin komai?"

Ya yi dariya. "Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Zagayo ta gefe."

Ta zaunar da shi a kan kujerar roba tsakanin kwalaye, ta ce ya cire takalmi. Na dama ya fita, safa ta ƙi fita, ta manne a tafin ƙafa. Mai shara, wadda ke tsaye da tsintsiya, ta ce da aka ɓamɓare safar sai ga miki ya kai faɗin murfin kwalba, ya fara ruwa. Aka juya takalmin, 'yar ƙusa ce ta huda ta ƙasa, kanta ya leƙo ciki. Allah kaɗai ya san kwana nawa yana takawa. Direba ya tsaya yana kallon ƙafar kamar ta wani ce.

Inna ta durƙusa da ƙyar, ta ce ya rufe ido, in ya ji ta taɓa ya faɗa. Ta ɗora bakin biro a babban yatsa ta danna. Ta koma na kusa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta gangara tafin ƙafa har dunduniya.

Ya ce, "Taɓa mana, Hajiya, ina jira."

Ta kama gefen teburi ta miƙe, ta daɗe tana mayar da murfin biron. Ta san abin da zai biyo bayan tambayar da ke bakinta, ta kuma san ba wanda zai tuhume ta in ta haɗiye. Nata shi ne ta wanke mikin ta tura shi wajen likita, shi ke nan. Wata tara da suka wuce ita ta yi ta hawa bene don mutumin nan ya riƙe makullinsa.

Ta ce, "Malam Direba, birki fa? Da me kake gane ka taka?"

Ya buɗe ido. Wani a layi ya buga taga. Direba ya ce, "Da tsayawar motar. Wani lokaci nakan ɗan leƙa ƙasa." Ya ƙara da cewa, "Sau biyu ƙafar ta zame kan totur, amma a cikin harabar makaranta ne, ba gudu nake ba."

"Yara suna ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta yi masa bayani a hankali, cewa ba maganin ne ya kashe masa ƙafa ba, ciwon ne ya ci gaba. Jijiyar da take ihu a da yanzu ta yi shiru gaba ɗaya, kuma babu kwali a cikin huɗun nan da ke dawo da ji. Ya roƙe ta. Mutumin da ya yi jika ya haɗa hannu biyu yana cewa ta rufa masa asiri, shekara biyu kacal har 'yarsa ta gama karatu, zai riƙa tafiya a hankali, hanyar nan ko ido rufe ya san ta.

Ta ce, "Ba ni zan je makarantar ba, kai za ka je da kanka. Amma likita zai ji abin da ka gaya mini, yanzun nan, a gabanka."

"Ke kika ce za ki nema mini maganin da zan ci gaba da tuƙi."

"Na nema, na kuma samu. Wannan ba na magani ba ne."

Suka hau bene tare, ita a gaba tana dafa bango, shi a baya da takalmi ɗaya a hannu. Likita ya gwada da nasa kayan aikin, ya faɗi abin da ta faɗa. Da suka sauko, direba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Da na sani, da taga ta ɗaya na je." Ya tafi ba sallama. Ita kuwa ta koma kujerarta ta ce na gaba ya matso. Mai shara ta ce ƙwayoyin mutum ɗaya sai da Inna ta irga sau uku.

Kwana uku ba labari. Abokiyar aikinta ta tambaye ta, in ya ƙi fa? Ta ce ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan, kuma ba ta da amsa mai daɗi. A rana ta huɗu matar ta zo ta ce ya kai makullin da hannunsa, ya faɗa musu komai. Makarantar ba ta kore shi ba, ta ba shi benci a bakin ƙofa, yana buɗewa yana rufewa, wani yana shigo da motar da ya ja shekara ashirin. Tun daga ranar a taga ta ɗaya yake karɓar magani. In ya zo wucewa ta gaban ta uku sai ya kawar da kai, shekara ɗaya da rabi ke nan.

Abin ya ci mata rai, ba sai an ɓoye ba. Ta saba da tsakin baƙi, amma wannan mutum ne da ta yi wa wahala, kuma ta san ba ƙarya yake ba da ya ce ita ta raba shi da abin da ya fi so.

Ranar Alhamis aka yi mata ɗan taron sallama a cikin sito, kujerun roba goma sha biyu da lemon kwalba. Aka ba ta agogon bango, yanzu da ba ta da inda za ta makara. Manyan da ke kiranta ofis suka yi jawabi, suka ce samun irinta sai an tona. Ta saurara kamar yadda ta saba, ta ce to. Ana watsewa sai ga matar direba ta shigo ita kaɗai.

Inna ta ce, "Ya ƙafar?"

"Suna nan duka biyun, Yaya. Mikin ya rufe. Likita ya ce da an ƙara wata guda da sai an yanke."

"Shi fa?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Har yanzu fushi yake."

"Ya yi ta yi. Fushi ai sai mai rai." Ta sa agogon a hammata ta nemi takalmin fitarta.

Ke ce wadda ta zaɓi a ji haushinta a kan a yi makokin wasu, Inna Tambaya. Ke ce wadda ta tsaya a kan kalma ɗaya alhali layi na ihu, gwiwa na ciwo, ritaya na hango ki. Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba ƙafafunki sauƙin da kika yi ta nema wa na mutane. Ku kuma da kuka gaji tagogin nan, na san ana irga muku kawuna, na san kun gaji ku ma. Amma in mutum ya ce muku ba ya jin komai, ku riƙe ledar tukuna ku ƙara tambaya ɗaya. Mu masu tsayawa a layi kuma mu koyi haƙuri, ba mu san ran wa ake tambaya a kai a gabanmu ba.

Ni dai na san nawa. Ina da 'ya 'yar shekara bakwai a makarantar nan. Amai take yi in ta zauna a baya, shi ya sa tun tana aji ɗaya aka ba ta kujerar da ke bayan direba daidai. Jiya ma ta dawo gida da ƙafarta, tana kuka wai an ɗauke mata fensir.